Rabin Gareji

A garejin nan ba a gardamar siyasa. Ana gardamar ƙwallo har a ci kwalar juna, ana gardamar wanda ya ari sifana bai mayar ba, amma batun wanda za a zaɓa an gama shi tun kafin a haifi wasu daga cikin masu rumfunan yanzu. Garejin layi biyu ne. Layin gaba, mai kallon babban titi, na wanda ke kan kujera ne, ko wane ne shi, ko da kuwa kowa ya san hannunsa ba ya tsayawa a aljihunsa. Layin baya, wanda ya jingina da lambatu, na mai neman ture shi ne. Kusan kowane bakanike da mai walda da mai fenti da mai faci ya yi rajista a akwatin zaɓe na ƙofar gareji, shi da matarsa da 'ya'yansa da suka isa zaɓe, kuma ranar zaɓen majalisar jiha mutum ba ya tambayar zuciyarsa, rumfarsa yake dubawa. Idan aka ƙirga da yamma sai a ga rabi da rabi, kamar an yanka da wuƙa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Filin na gwamnati ne, ba su da ko guntuwar takarda a kansa, kuma duk majalisar da aka rantsar sai an sami wani mai son tsabta ya miƙe ya ce garejin ya ɓata fuskar gari, a tashe shi. A irin wannan rana ɗan majalisar mazaɓarsu ne kaɗai zai iya cewa a dakata, ko kuma ya ci gaba da latsa wayarsa. 'Yan katako da ke tsallaken titi sun taɓa haɗa kai suka zuba wa mutum guda ƙuri'unsu kaf. Ya faɗi, wanda ya ci kuma ya ga sakamakon akwatinsu kamar yadda kowa ya gani. Ba a daɗe ba katafila ta zo. Har yau filin nasu yana nan fayau, ba a gina ko bandaki ba, sai ciyawa da ledoji. Tun daga nan kanikawa suka koyi raba ƙafa, domin duk wanda ya ci, akwai rabin gareji da zai iya kallon idonsa ya ce mun yi ka.

Mai riƙe da wannan tsari shi ne Ciyaman, shugaban garejin. Mai bugun bodi ne, irin wanda za a kawo wa mota ta lotse kamar gwangwanin madara, ya zagaya ta yana shafa ta da tafin hannu, ya ce a dawo jibi. Guduma ta kashe masa kunnen hagu, shi kuwa bai yi asara ba, don duk maganar da ba ya so nan yake juya mata. Ba a taɓa kama shi da son kai ba, kuma ya san ba a taɓa kama shi ba, abin da ya fi komai daɗi a bakinsa ke nan. Rumfarsa tana layin gaba.

To bana sai ga shi mai neman ture Onarabul, ɗan majalisarsu, wanda ya daɗe a kujerar har ta ɗauki siffar jikinsa, ba kowa ba ce illa babbar 'yar Ciyaman. Gareji na kiranta Lauya. Shi kuwa Uwata yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. A cikin garejin ta girma, a kan bonet ɗin motocin mutane ta yi aikin gida na makaranta, kuma babu rumfar da ba ta ci wani abu a cikinta ba. Da ta gama karatu ba ta bi manyan kamfanoni ba, ta tsaya tana kare 'yan haya da matan kasuwa a kotu, har sunanta ya zaga unguwanni. Su ne suka matsa mata ta fito.

Ana saura 'yan makonni aka yi taron da aka saba yi a ƙarƙashin babbar rumfar da ake ajiye manyan motoci. Taro ne na minti kaɗan, Ciyaman ya tuna wa kowa layinsa a watse. Amma wannan karon bai rufe baki ba Mai Faci ya miƙe, wani gajere mai faɗin ƙirji da rumfarsa ke manne da ta Ciyaman shekara da shekaru.

"Ciyaman, bana fa akwai magana," in ji shi. "Yarinyar nan a hannunmu ta tashi. Ni na koya mata keke a bayan rumfata. Yanzu a ce in je in dangwala wa wancan mai tumbin, ita in bar ta? Ai ko matata ba za ta bar ni in shiga gida ba."

Aka yi dariya, amma dariyar goyon baya ce. Rewaya, mai gyaran wutar mota daga layin baya, ya ce su dai sun ji daɗi, bana ce shekarar farko da za su yi zaɓe da zuciya ɗaya. Ya ce in layin gaba ya biyo su, Onarabul sai dai ya ji labari. Wasu suka fara tafi. Wani daga can baya ya ce in Lauya ta shiga majalisa ai maganar fili ta ƙare, ita da ta san doka.

Ciyaman ya bar su suka gaji. Zuciyarsa ta yi fari da jin yadda ake son 'yarsa, wannan ba ƙarya ba ne, amma a ƙarƙashin farin akwai tsoro tsohon gaske, wanda ya ga katafila da idonsa.

"Kun gama?" ya ce. "To ku leƙa tsallaken titi ku dawo ku faɗa mini abin da kuka gani. Su ma 'yan katako son mutuminsu suke yi. Su ma tafi suka yi."

"Amma wannan 'yarka ce," in ji Mai Faci.

"Shi ya sa. Na hana ɗan'uwan Mai Fenti ƙuri'ar layin gaba lokacin da ya tsaya, ga Mai Fentin nan zaune, ku tambaye shi. Na hana surukin Rewaya. Yau don abin ya zo ƙofata sai in ce a canza? Gobe in an zo tashin mu, a ce Ciyaman ya sayar da gareji saboda 'yarsa? Mutum nawa ke ci a wurin nan? Ba zan ɗauki abincin mutane in yi caca da shi ba, ko da uwar da ta haife ni ce ta tsaya."

Tsohon Mai Fenti, wanda tari ya cinye wa murya, ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ce, an hana ɗan'uwansa, kuma ɗan'uwan nasa ya faɗi, kuma ga su nan har yau. Shi ke nan magana ta mutu. Ciyaman ya bi layin gaba rumfa rumfa, ya sa kowane mai rumfa ya ba shi hannu a kan ba zai karya layi ba, shi da iyalinsa. Mutane suka watse suna cewa samun adali irin Ciyaman sai an tona, shi kuma ya ji su da kunnensa mai kyau.

Abin da bai faɗa a taron ba, bai kuma faɗa wa kowa ba, shi ne bai yarda za ta ci ba. Ya ga zaɓe da yawa. Ya ga masu gaskiya da masu ilimi da masu farin jini sun fito da ƙura, an ƙirga, sun koma gida da 'yan ƙuri'un da ba su kai na taron suna ba. Onarabul yana da jam'iyya mai mulki da motoci da mutanen da ba sa barci. Lauya tana da matan kasuwa da wata tsohuwar mota da shi da kansa ya buga wa ƙofa. A lissafinsa za ta faɗi da nisa, ta yi kuka, ya rarrashe ta, ta koma kotu, gareji kuma ya tsira. Rabin da za a hana ta ba zai canza komai ba.

Kwana biyu bayan taron ta zo da kanta. Yana durƙushe a gefen wata farar mota yana bin lotsar ƙofa da ƙaramar guduma, sai ya ga inuwarta. Ta rame, muryarta ta dishe saboda jawabi. Ta ja wani tsohon batir ta zauna a kai kamar yadda take yi tun tana yarinya.

"Baba, sannu da aiki."

"Uwata, ke ce da rana haka? Kin ci abinci kuwa?"

"Na ji yadda taronku ya ƙare."

Ya ci gaba da bugu a hankali. Ta jira har ya gaji ya ajiye.

"Ban zo in ce ka tilasta wa kowa ba," ta ce. "Ka sake su kawai. Ka ce bana kowa ya bi ransa. Su da kansu suka nema, kai ka hana."

"In na sake su bana, ba za su sake ɗauruwa ba."

"To me ya sa sai sun ɗauru har abada? Baba, shekara nawa kuna raba ƙafa, ko takarda ɗaya an ba ku? Kuna biyan rabin ƙuri'arku duk zaɓe don a bar ku ku kwana, gobe kuma a sake tsorata ku. Ni na san inda maganar filin nan ta maƙale. In na shiga, ba roƙo zan yi ba, ƙuduri zan kai."

"Duk wanda ya zo nan haka yake cewa."

Ta kawar da kai. Ya san maganar ta soke ta, ya so ya janye, amma bai saba janye magana ba.

"Ni ce duk wanda ya zo?" ta ce a hankali.

"Ba haka nake nufi ba. Layin baya naki ne gaba ɗaya, babu wanda zai taɓa miki shi."

"Kai kuma kana layin gaba."

"Nan rumfata take, Uwata. Ba ni na sa ta a nan don ke ba."

Ta dube shi sosai, irin kallon da take yi wa mai ba da shaida. "Tambaya ɗaya zan yi maka, Baba. Kana ganin zan iya ci?"

Ya ɗauki gudumar, ya juya mata kunnen hagu, ya ce wa ƙofar motar wannan ƙarfen ya yi taurin kai. Ta zauna kaɗan tana kallon ƙeyarsa, sannan ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta bi ta layin baya tana gaisawa da mutane. Yana jin ana ta kiran sunanta har ta fita.

A gida matarsa ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai ce ita a kasuwa ta yi rajista, ba a ƙofar gareji ba, don haka kada ya yi wahalar neman hannunta.

Ranar zaɓe gari ya tashi da zafi. An kafa teburi a ƙofar gareji, aka kewaye wani lungu da kwali don mai jefa ƙuri'a ya ɓuya. Mutane suka yi dogon layi har bakin titi, 'yan gaba da 'yan baya a cakuɗe, amma duk wanda ka kalla ka san na ina ne. 'Yan baya suna ta raha, Rewaya har da sabuwar hula. 'Yan gaba kuwa kamar masu jiran allura. Mai Faci ya fito daga bayan kwalin yana goge yatsa a wando, ya wuce Ciyaman bai ko kalle shi ba.

Da layi ya zo kansa aka duba katinsa, aka miƙa masa takarda, ya shiga. A ciki babu kowa sai shi. Ga alamar jam'iyyar Onarabul a sama, ga ta 'yarsa a ƙasa, alamar da ya yi wata da watanni yana gani a jikin motar da ya gyara mata. Ya tsoma yatsa a tawada ya tsaya. Babu mai ganinsa. Ƙuri'a ɗaya ce, ba za a gane ba, in ma an ga ta yi yawa a wancan gefen za a ce wata tsohuwa ce ta ruɗe. Ya ji yana son yi mata, so irin wanda yake sa ƙirji ciwo. Sai ya tuna hannayen da ya karɓa rumfa rumfa, ya tuna Mai Faci da ya bi umarni yana ƙin kallonsa. In shi ya karya a ɓoye, to me ya rage na Ciyaman? Ya ce wa kansa ba za ta ci ba ko da ya yi, kuma wannan ce maganar da ta saukar masa da yatsa. Ya dangwala a sama, ya ninke takardar da sauri don kada ya sake gani, ya fito ya jefa. Tawadar ta shiga ƙarƙashin farcensa inda baƙin mai ya saba zama.

Da rana ta yi sanyi aka juye akwatin a gaban kowa aka ƙirga da ƙarfi. Tsari bai taɓa fita da kyau irin na bana ba. Rabi da rabi, babu wanda ya karya. Wakilin Onarabul ya yi murmushi ya buga waya. Wakiliyar Lauya, wata mai sayar da atamfa a kasuwa, ta sa hannu a takardar sakamako, ta ɗago ta nemi Ciyaman da ido a cikin taro har ta same shi, sannan ta tattara jakarta.

Sakamakon mazaɓa gaba ɗaya sai washegari. Babu wanda ya ɗaga bonet a garejin ranar. Aka taru a rumfar Rewaya, saboda rediyonsa ne ya fi ƙara, ana jin yadda ake karanto akwatuna daga zauren tattara sakamako. Akwatin kasuwa, Lauya. Unguwar 'yan haya, Lauya, da rata mai yawa. Bayan asibiti, Lauya. 'Yan layin baya suka fara tsalle, wasu 'yan gaba ma suka manta da kansu suka shiga. Ciyaman yana zaune a kan benci. Ya gane wani abu game da kansa da bai ji daɗin ganewa ba: ba faɗuwarta yake tsoro ba, kusantowarta yake tsoro. Ya kama kansa yana roƙon ko dai ta ci, ko kuma ta faɗi da nisa.

Sai akwatunan unguwar manyan gidaje suka shigo, da na ƙauyukan gefen gari inda motocin Onarabul suka kwana. Ratar ta dinga narkewa har ta ƙare, ta juya. Wajen azahar jami'in zaɓe ya gyara murya, ya karanta sunayen 'yan takara da ƙuri'un kowa, ya ce Onarabul, da yake ya cika sharuɗɗa, shi ne ya lashe kujerar.

Ba a buƙaci biro ba. Kowa a rumfar ya san yawan ƙuri'ar layin gaba, jiya aka ƙirga ta a gabansu, kuma kowa ya ji ratar da aka faɗa. Ko rabin layin gaba ne ya juya, da yanzu Lauya ce 'yar majalisa. Rewaya ya kashe rediyon. Ba wanda ya zagi Ciyaman, ba wanda ma ya kalle shi. Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma rumfarsa ya zauna ba tare da ya taɓa aiki ba. Mai Faci ne kaɗai ya tsaya a kansa.

"Na bi ka, Ciyaman," ya ce. "Ni da matata da yarana biyu. Raina ba ya so na bi ka."

Ya juya ya tafi.

Amma tsari bai ƙare a akwati ba. Rabin da aka bayar ba ya amfani sai an je an nuna shi, don haka layin da mutuminsa ya ci shi ke zuwa taya murna, Ciyaman a gaba, tun kafin wasu su riga su cika wa mai nasara kunne. In bai je ba, to ya kayar da 'yarsa a banza ke nan. Wannan tunanin ne ya tashe shi da safe ya sa ya nemi babbar rigarsa. Matarsa ta ce tana cikin akwati, ya ɗauka da kansa. Lauya ba ta kira ba, shi ma ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga.

'Yan layin gaba kaɗan ne suka biyo shi, su ma da ƙyar. Ƙofar gidan Onarabul ta cika maƙil, an kafa rumfuna da lasifika, ana ta kiɗa. Suka tsaya a rana har rigarsa ta jiƙe, kafin wani mai riƙe da wayoyi biyu ya gane shi ya ja shi ciki ta tsakiyar mutane. Onarabul yana tsaye a kan ɗan dandamali, fuskarsa tana ƙyalli. Da ya hango shi sai ya buɗe hannuwa.

"A'a, Ciyaman da kansa. Ku ba shi hanya, ku hawo da shi nan."

Ciyaman ya so ya gaisa a ƙasa ya faɗi abin da ya kawo shi a kunne, amma hannaye suka tura shi sama. Onarabul ya rungume shi, ya kama hannunsa na dama ya ɗaga, ya jawo abin magana.

"Jama'a, kun san wannan dattijon? Wadda ta tsaya da ni 'yarsa ce ta cikinsa. Mutanensa suka ce a ba ta gareji gaba ɗaya, ya ce a'a. Shi da kansa ni ya dangwala wa. Uban da ya haife ta ma ya san ba ta isa ba, to ni me zan ƙara? Ku tafa masa."

Aka tafa. Aka yi ihu, mai ganga ya buga. Duk inda Ciyaman ya duba wayoyi ne a sama suna ɗaukarsa, hannunsa a cikin na Onarabul, yatsan nan mai tawada yana kallon kowa. Ya so ya fizge, ya so ya ce ƙarya ne, amma wace kalma ce ƙarya a ciki? Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya tsaya yana murmushin da bai san lokacin da ya hau fuskarsa ba.

Da kiɗa ya sake tashi ya matsa kusa ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar filinmu."

"Fili?" Onarabul yana ɗaga wa wani hannu. "Af, garejin. Ka san akwai masu son zuba jari a wajen nan, sun daɗe suna damuna. Kuma rabi kuka ba ni, Ciyaman, rabi. Saura ƙiris 'yar taka ta kai ni ƙasa da ɗaya rabin." Ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Za mu duba. Ka bari a rantsar da mu tukuna."

Mai wayoyi biyu ya riga ya kamo hannun wani baƙon. Ciyaman ya sauko. A waje ya tarar mutanensa sun tafi.

Da ƙafa ya koma, bai bi ta gareji ba. Tun daga kan kwana ya hango motar Lauya a ƙofar gidansa, but ɗin bayanta a buɗe. Ɗakin zaure da ta ara ta mayar wurin ajiyar kayan yaƙin neman zaɓe ake kwashewa. Wasu mata biyu suna fito da ɗaurin riguna da ragowar hotuna, da suka gan shi suka sunkuyar da kai suka wuce. Ya cire takalma ya leƙa. Tana durƙushe tana ninke wani babban ƙyalle mai hotonta. A kan taga wayarta tana ajiye, kuma daga cikinta muryar Onarabul ce ke fita, da tafi, da ganga. Ta miƙa hannu ta kashe.

Ba ta yi kuka ba, ko kuma ta gama kafin ya zo. Ya shirya magana tun daga hanya, maganar 'yan katako da abincin mutane da hannayen da ya karɓa, amma da ya ga bayanta duk sai suka zama ba komai.

"Uwata," ya ce.

Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babba.

"Sannu da dawowa, Ciyaman. An ba ku filin?"

Ciyaman ya girgiza kai. "Ya ce za a duba."

"To," ta ce. "Allah ya sa a duba."

Ta koma ta durƙusa, ta kama bakin ƙyallen ta ci gaba da ninkewa, gefe a kan gefe, har fuskarta da ke jiki ta shige ciki. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofar zaurensa da takalma a hannu, yana jira a ce masa ya shigo.